Bin taya a hanyar Argungu: dabara ce ko cin gumin wani?

Ɗan Badariya:
Salamu alaikum jama'a. Admin a yi mani haƙuri, maganag ga tana ci mani rai tun Assabar sai na hwaɗe ta. Hitad da munka yi bisa keke zuwa Argungu, tun daga Ambursa iskar hunturu tat tare mu gaba da gaba, ni da Injiniya mu ɗai ka jan gaba, in na gaji shi amsa in ya gaji in amsa, amma akwai wani bawan Allah da yal liƙe ma tayata tun daga nan, ko minti guda bai hito ya sha iska ba, sai da munka hango gari sannan yat tashi bisa feda yaw wuce mu fuuu. Da dare kuma sai ga sikirinshot na Strava, manhajar auna tahiyar keke, bisa status wai shi yar riga kowa shiga Argungu. To ni tambaya guda gare ni, wanga gwaninta ta ko ko cin gumin mutane na?

Autan Gurup:
Yaya ka kira suna mana, kowa ya san da ni kake 😂 Ni dai ban riƙe rigar kowa ba, ban ɗaura igiya a sirdin kowa ba, ƙafata ce ta murza feda tun daga filin Haliru Abdu har Argungu. Kilomita nawa kuka yi, nawa na yi? Ai duk ɗaya ne.

Ɗan Badariya:
Kilomita guda na amma wahala ba guda ba ta ƙanena, kai ma ka sani.

Na Gesse:
Ni wallahi zancen nan na cewa bayan mutum yana rage wahala ban taɓa yarda da shi ba. A ce bayan tirela ko tifa to wannan na yarda, amma mutum siriri irin Ɗan Badariya wace iska zai tare wa wani? Abin a zuciya yake kawai, in kana kallon tayar wani ba ka tunanin nisan hanya shi ya sa kake jin kamar da sauƙi. Yaro ya fi ku ƙafa ku haƙura kawai.

Malamin Fiziks:
Na Gesse ba a zuciya ba ne, abu ne da ake aunawa da na'ura. A shimfiɗaɗɗen titi irin namu na nan, da zarar gudunka ya kai wajen kilomita 35 zuwa 40 a awa, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfin da kake zubawa a feda iska ce ke cinye shi, ɗan abin da ya rage ne ke tafiya wajen gogar taya da kwalta da kuma sarƙa. Kuma turin iska ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudunka sau 2, turin da take maka ya ninka sau 4, ƙarfin da za ka kashe ka keta ta kuwa sau 8. Ku da ke zuwa Matan Fada kun san abin, shiga ruwa iya ƙugu ka taka a hankali ba komai, amma gwada gudu a ciki ka ji yadda ruwan zai tsaya maka a cinya. Iska ma haka take yi, sai dai ita ba ta da kaurin ruwa shi ya sa sai an zabga gudu ake jin ta. Daga 30 zuwa 40 a awa ai ƙarin gudun kashi ɗaya ne cikin uku, amma ƙarfin da iska za ta nema a wajenka ya ninka kusan sau 2.4.

Ranar Asabar ɗin kuma abin ya fi haka tsanani, don Argungu arewa maso gabas take da Birnin Kebbi kuma iskar hunturu daga can take tasowa, kenan fuska da fuska kuka yi da ita. A ƙaddara kuna tafiyar 25 a awa ita kuma tana zuwa da 15, to ƙirjin na gaba iskar 40 yake ji, turin ya ninka na ranar da gari ke tsit sau 2 da rabi. Na baya kuwa yana cikin iskar da na gaba ya riga ya huda, ta rikice tana bin bayansa, ba ta da ƙarfin dukan ƙirji kamar wadda ba a taɓa ba. Wanda ya matso sosai, tayarsa ba ta wuce rabin mita daga ta gaba ba, yakan samu ragin wajen kashi 30 cikin 100, wani lokaci ƙasa wani lokaci sama, ya danganta da gudu da girman wanda ke gaban. Misali in Ɗan Badariya na zuba wat 250 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ake zubawa a feda), Auta da 175 ko 180 zai zauna lafiya lau a bayansa har ya dinga hira. A yi awa biyu a haka a ga wa zai rage da ƙafa a ƙofar gari.

Ɗan Badariya:
Allah shi saka da alheri Malam, Allah shi ƙara ilimi. Auta ka dai ji, kashi 30 na gumina kac ci, a lissahwa a biya ni da giwan ruwa.

Na Gesse:
To Malam me ya sa in muna zagaye cikin gari ni da yara, ko ina gaba ko ina baya ban taɓa jin wani bambanci ba?

Malamin Fiziks:
Don a hankali kuke tafiya. Ƙasa da 15 ko 20 a awa iska ba ta zama babbar matsala ba tukuna, to kashi 30 na abu kaɗan ai ba za ka ji shi ba. Haka ma hawan tudu mai tsayi, nauyin jikinka kake ja ba iska ba, shi ya sa a manyan gasa kan duwatsu ne ayari ke tarwatsewa kowa ya koma ƙarfinsa.

Injiniya:
Bari in ƙara a kan na Malam tunda ni ma gumina na ciki. Akwai wani farfesa Bert Blocken na jami'ar Eindhoven a Holan, a 2018 shi da abokan aikinsa sun gwada ayarin mahaya 121 a kwamfuta da kuma cikin ramin gwajin iska da 'yan mutum-mutumi, suka samu cewa waɗanda ke can tsakiya ta wajen baya turin iskar da ke kansu kashi 5 zuwa 10 ne kacal na wanda ke tafiya shi kaɗai. Ba wai feda suka daina ba fa, gogar taya tana nan, ga kwana ga tashi da birki, amma dai shi ya sa kuke ganin mutum kusan 180 a Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, suna sharara sama da 40 a awa wasu na cin abinci wasu na dariya a tsakiya. Mu da muke fita mu shida ko bakwai a layi ɗaya ba za mu samu wannan ba, amma na uku ya fi na biyu samun sauƙi, na huɗu ma ya ɗan fi.

Sai wani abu da zai ba ku dariya, shi wannan farfesan ya nuna cewa na gaba ma yana samun ɗan ragi in wani ya manne masa a baya, saboda na bayan yana cike gurbin da iska ke jan mutum baya ta wajen. Kaɗan ne dai, daga kashi 1 zuwa ƙasa da 3.

Autan Gurup:
Allahu akbar! Ashe ma taimakonka na yi Yaya 😂😂 to a cire kashi 3 ɗina daga kifin.

Ɗan Badariya:
Injiniya kai ma dai, wa yac ce ka hwaɗi wanga? Ka ba yaro makami.

Baban Rale:
Ku yaran zamani komi sai kun sa mai lamba. Mu zamanin da muka hawan Rale muna kai kaya kasuwar Jega ba mu san wat ba amma mun san in iska ta taso kowa bayan ƙato shika ɓoyewa, akwai wani abokin tahiyarmu Allah shi jiƙan shi, mutum na mai hwaɗin kahwaɗa ga buhu biyu bisa kariya, in yas shiga gaba mu huɗu muka jeruwa bayanai, in mun issa mu saye mai hura don mun san abin da yay yi muna. Kuma babbar riga ba a hawa da ita sake, naɗe ta aka yi a ɗaure ga ƙugu in ba haka ba ta cika da iska ta maishe ka baya. Abin da ban so shi na in ga yara na bin bayan mota, mu ma mun yi da ƙuruciya amma motocin da ba su gudun na yanzu.

Na Gesse:
Baba ai bayan tirela shi ne magana, ranar nan na bi wata mai albasa daga Kalgo, ko feda ban cika takawa ba agogo na nuna 50.

Nas ɗin Yauri:
Na Gesse don girman Allah ka daina, kuma kar ka ƙara rubuta irin wannan a nan akwai ƙananan yara a gurup ɗin. Ina aiki sashen haɗari, na karɓi wani matashi da ya bi bayan tifa a kan keke, motar ba ta da wutar birki, direba ya ga rami ya taka, yaron da fuska ya shiga ƙarfen baya. Haƙora na gaba duk sun tafi, muƙamuƙi ya karye, wata da watanni da tsinken roba yake shan kunu. Kana bayan babbar mota ba ka ganin rami ba ka ganin akuya ba ka ganin tudun rage gudu, shi ma direban bai san kana wajen ba, kuma birkin keke ba zai taɓa kamo na mota ba a wannan tazarar.

Malamin Fiziks:
Gaskiyar Nas ce. Masu yin wannan a duniya shiri suke na musamman. Wata Ba'amurkiya Denise Mueller-Korenek ta kai kilomita 296 a awa a kan keke a 2018 a bayan motar tsere, amma a filin gishiri na Bonneville ne da babu kowa babu rami, da kayan kariya, motar ma an yi mata rumfa a baya don ta tare iska, kuma sai da aka ja ta da igiya tukuna ta saki. Yana nuna muku dai in aka cire iska ƙafar mutum ba ƙaramin gudu za ta yi ba. Amma hanyar Kalgo ba wajen gwaji ba ne.

Admin:
Magana ta ƙare a kan bin mota, duk wanda ya yi a fitar gurup ba ya ƙara fita da mu. A ci gaba.

Na Gesse:
Na ji na bari. To amma tunda iska ce matsalar, ni dama ina tara kuɗi a kawo min wili mai faɗin rim ɗin nan na kabon daga Kwatano, kenan shi ne maganin?

Mai Faci:
Alhaji ni ka gyaran kekenka, in na ce ka saya ni ad da riba, amma tsakani da Allah kak ka hwara da nan. Dubi yadda kaka zama bisa keke, ƙirji a miƙe, hannu a sandare bisa saman kai, gwiwar hannu a waje, ga tishat mai hwaɗi tana fal-fal a baya, ga jakka rataye. Wili na miliyan ba shi gyara wanga. Kai da kanka ka tare iskar ba keken ba.

Injiniya:
Mai Faci ya gama magana. A turin iskar gaba ɗaya jikin mahayi ne ke ɗauke da wajen kashi 70 zuwa 80, keken da wilinsa da komai su raba sauran. Kuma kan keken tsere wuri uku yake da shi na riƙo ai, saman sandar, kan birki, da lanƙwasar ƙasa. Yawancinmu a sama muke yini kamar masu zuwa cefane. In ka riƙe kan birki ka lanƙwasa gwiwar hannu har damtsen ƙasa ya kwanta daidai da titi, ka shigo da gwiwar ciki, ka sauke kai tsakanin kafaɗu ido na kallon gaba, ragin da za ka samu ya kan wuce kashi 10 cikin 100 a kan zaman miƙe, kuma sau da yawa wannan zaman ya fi riƙon ƙasa da hannu a sandare, don hannun da ya miƙe tsaye shi ma iska yake tarewa. Ko sisi ba ka kashe ba. Sai riga mai kama jiki a zuge zif ɗin har sama. Wili yana taimakawa ba a ce ba ya yi ba, amma shi ne na ƙarshe a layi, kuma mai faɗin rim in iskar gefe ta buge shi a hanyar Jega sai ka ji kai na neman ƙwacewa daga hannunka.

Malamin Fiziks:
Labarin da ya sa duniyar keke ta farka a kan wannan shi ne Tour de France na 1989. Ranar ƙarshe tseren kowa shi kaɗai ne da agogo, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Faris, Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da sakan 50, kowa na cewa a ɗan wannan nisan ba za a cike ba. LeMond ya ɗaura ƙarin sanduna biyu a tsakiyar kan keke irin na 'yan tirayatalon, masu haɗa iyo da keke da gudu, ya kwantar da hannu a kai, ya sa hular kwano mai tsini a baya. Fignon ya fito kai ba hula gashi ɗaure yana lilo, hannu a buɗe. LeMond ya ba shi sakan 58, ya ci gasar mako uku da sakan 8. Har yau ba a taɓa cin Tour na maza da tazara ƙarama kamar wannan ba.

Mai Faci:
Malam hwaɗa masu na mutumin nan da yah haɗa kekenai da kayan injin wanki, shi na gwanina.

Malamin Fiziks:
Graeme Obree ɗan Sikotilan. Shi ya ƙera kekensa da hannunsa har da boris na injin wanki, ya ƙirƙiro zama yana dunƙule hannu a ƙarƙashin ƙirji, a 1993 a Nowe ya yi kilomita 51.596 cikin awa ɗaya ya karya tarihin Francesco Moser na 1984. Hukumar keke ta duniya UCI ta hana zaman, sai ya fito da wani, hannu miƙe can gaba, da shi ne Chris Boardman ya yi 56.375 a Manchester a 1996, shi ma aka hana. Sai a 2022 Filippo Ganna na Italiya ya wuce wannan lamba da 56.792. Ku duba fa shekara 26 da duk cigaban kayan aiki kafin a kamo abin da zama ya bayar.

Ɗan Badariya:
To Injiniya ni na gwada kwanciyag ga da kaka hwaɗi, bayan minti goma wuya da ƙugu sun ɗauki wuta, kuma ji nikai kamar ƙahwa ba ta da ƙarhi, numhwashi ma da ƙyat.

Injiniya:
Eh akwai iyaka. In ka nutse da yawa cinya na matse ciki, kwankwaso ya rufe, ƙarfin da kake bayarwa ya ragu, to in ka rage iska da kashi 10 ka rasa kashi 15 na ƙarfi ai faɗuwa ka yi. A hankali ake sabawa, minti biyar ka tashi ka huta ka koma, mako bayan mako jiki na karɓa. Kuma mu masu ɗan tumbi sai mun yi haƙuri da inda Allah ya tsayar da mu 😅 Lokacin da ya fi amfani shi ne in kana jan gaba ko kana kai kaɗai da iska a fuska, in kana baya kana iya ɗan tashi ka sarara.

'Yar Zuru:
Salam yayyena, ina ta karantawa. Duk maganar riga mai kama jiki da kuke mu fa ba ta shafe mu ba, ni ba zan hau titi da irin kayan nan ba kuma ba na so ma. Abin da nake yi dai hijabi ƙarami na wasanni wanda ke shiga cikin riga, hula a sama, riga mai dogon hannu wadda ba ta da fiffike, wando a tsuke bakin ƙafa saboda sarƙa. Ranar da na hau da babban hijabi iska ta cika shi ji na yi ana ja na ta wuya, ga tsoron ya shiga sifok. Na san ina asarar wani abu a kan masu matsattsun kaya, na yarda da asarar, sai in rama a bin taya, don haka ni kam ina bayan Auta a wannan shari'ar. Kuma mu a gida Zuru tudu ne da gangara, duk lissafin nan naku na 'yan shimfiɗa ne, ku zo can mu ga masu wat 250.

Autan Gurup:
Yauwa Anti Allah ya bar mana ke. Kuma a gangara ni kan sandar tsakiya nake zama in kwanta a kan keke irin yadda Chris Froome na Birtaniya ya yi a Tour na 2016.

Injiniya:
Wanda UCI ta haramta tun 1 ga Afrilu 2021, tare da ɗora damtse a kan sanda ba riƙo. Ƙwararru ma aka hana a titin da aka rufe musu balle kai da kabu-kabu zai iya fitowa daga lungu. In nauyinka duk ya koma tayar gaba ƙaramin rami ya ishe ka. Ka zauna a sirdi ka ja baya ka kwantar da ƙirji, hannu a ƙasa yatsa kan birki, gudun da za ka samu ya ishe ka.

Ɗan Jega:
Ni tambayata daban ta. Hanyarmu in an baro Kalgo iskar ba gaba take ba gehe take, ina bayan mutum daidai amma ban jin sauƙin komi, mi ka kawo haka?

Malamin Fiziks:
Don mafakar ta koma gefe. Daga Kalgo zuwa Jega kudu maso gabas kuka nufa, iskar hunturu na dukan ku ta hagu, to inda babu iska yana bayan na gaba ta damansa, ba daidai bayan tayarsa ba. Turawa a Beljiyam da Holan jeruwa suke a karkace su cike faɗin titi, wanda bai samu gurbi ba ya rage a bakin kwalta yana shan iska har ya yanke. Mu ba a rufe mana titi ba, don haka mutum uku ya isa layi ɗaya, na gaba ya ɗan matsa hagu kaɗan ya bar wa na baya wuri ta dama, sauran su yi nasu layin a baya. Dawowa ce mai haɗari, iskar ta koma dama, mafaka ta koma wajen tsakiyar titi inda motoci suke, a nan gara kowa ya sha iskarsa a layi ɗaya. Kuma a jerin karkace tayarka na shiga gefen ta gaba, in ya kauce wa rami ya taɓa ka kai na baya ne za ka faɗi, shi ko ji ba zai yi ba, sai da wanda ka san hawansa.

Nas ɗin Yauri:
A ƙara da zafi. Na baya ba ya samun iskar da ke busar da gumi kamar na gaba, a watan Afrilu da ake haura digiri 40 mutum na iya jin ƙafa da sauƙi amma jiki na dahuwa, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba.

Autan Gurup:
To ni dai a dawo kan shari'ata. Biniam Girmay na Eritiriya da ya ci matakai 3 da koriyar rigar wanda ya fi tara maki a Tour na 2024, yini yake a bayan mutane sai mita 200 na ƙarshe ya fito, duk Afirka muka yi ta murna ba wanda ya ce ya ci gumin wani. Ni na yi a Argungu an kai ni ƙara.

Ɗan Badariya:
Waɗanda ka ja mai gaba 'yan kulob nai na, albashi aka biyan su don su sha mai iska, in yac ci kuma a raba kuɗin da su. Kai nawa kab biya ni? Kuma can gasa ta, mu hita munka yi ta 'yan uwa. Ko cikin gasa in mutum huɗu sunka ɓalle guda yaƙ ƙi amsar gaba zagi shika sha.

Baban Rale:
Auta ɗana, laihinka ba ɓoyewa ba ta, wanda bai da ƙarhi shi ɓoye ba wanda ka hana shi, haka aka kai rarrauna gida. Amma wanda yaɓ ɓoye ba shi tseren ƙarshe kuma ba shi sa hoto. In kana da ƙahwar wuce mutane ƙohwar gari to kana da ta amsar gaba Ambursa.

'Yar Zuru:
Wannan kam Baba ya kashe bakina, Auta na janye rabin goyon baya.

Admin:
To ga yadda za a dinga yi daga yanzu. Karɓa-karɓa, kowa minti ɗaya zuwa biyu a gaba, in iska ta yi ƙarfi a rage, wanda ya gama ya duba baya ya kaɗa gwiwar hannu ya zame gefe ya koma ƙarshen layi. Wanda ya karɓa kar ya ƙara gudu don nuna bajinta, ya riƙe abin da ya tarar, wannan ne ke tsinka layi kullum. Na gaba shi ne idon kowa, rami ko yashi ko dabba ya nuna da hannu ya yi magana, kuma ba a damƙe birki ba sanarwa. Sababbi su bar tazarar tsawon taya ɗaya ko fiye har su saba, kuma kafaɗar na gaba ake kallo da titi ba tayarsa ba. Wanda ya gaji ya ce ya gaji ya zauna a baya ba gori.

Na Gesse:
An ji Admin. Mai Faci to in na fasa wilin, kan keken nawa ai ya yi sama da yawa, a yanke bututun a sauke shi gaba ɗaya?

Mai Faci:
A'a kak a yanke komi tukuna, abin da anka yanke ba shi komawa. Akwai zobba huɗu ƙarƙashin wuyan kan, guda za mu ɗebe mu maido shi sama, ka hau mako biyu, in ƙugu da wuya ba su yi ƙara ba mu ƙara ɗebe guda. Kuma kan naka ya yi ma hwaɗi, santimita 44 na, kahwaɗarka ba ta wuce 40 ba, akwai wani na gwanjo shago in ba a saye ba. Kawo shi bayan la'asar, gobe da sahe ina Kalgo wurin biki.

Na Gesse:
Nawa na gwanjon?

Mai Faci:
Zo dai Alhaji, ba a ciniki cikin gurup, Auta na nan shina gani shi ɓata mani kasuwa.